Tattabarun Ɗan Dela

Dakoro, 9 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Almu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da aikinka na tele da ya hana ka ɗaukar waya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sauka tun kafin lokacinsa. Inna tana gaishe ka. Idonta na hagu yana nan yadda ka bar shi, maganin ɗigawar da ka aiko ya ƙare, ta ce kada in gaya maka, ga shi na gaya maka. Ni kuma gwiwa ce ta sa ni gaba, in na durƙusa wanki sai na dafa bango kafin in miƙe.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Ɗan'azumi direba alhali ga waya. Shekara ashirin ina rubuta wa matan unguwar nan wasiƙu, har waya ta zo ta karɓe mini aikin, ban taɓa zama na rubuta tawa ba sai yau. Maganar ba ta waya ba ce. Gidan nan ka san shi, in na yi tari a ɗaki Inna tana ji daga rumfa, kuma Nu'man ya fi ni sanin cikin wayata.

A kansa ne nake rubutowa. Ɗanka Nu'man ya bar zuwa koleji tun watan jiya, a shekarar da ya kamata ya yi jarrabawar birebe. Kullum da safe yana shiryawa ya ɗauki jaka, ashe fadar bayan tasha yake zuwa, inda samari ke wuni suna shan shayi. Direkta ya kira ni ya ce sun cire sunansa. Tramol yake sha, Almu. Na gani a idonsa, na gani a hannunsa in ya ɗauki kofi, kuma sau biyu ana kawo mini shi gida bai san inda kansa yake ba. Yaron da babansa ya rasu ya bar mini da izu goma sha biyar a ka, yau in na yi masa magana sai ya dubi bango ya jira in gama.

Ka tuna Dela maƙwabciyata, wadda 'yar ƙofa ke tsakanin gidanmu da nasu? Ɗanta Zakiru, mai koyon gyaran moto a garajin babura, shi ne mai tattabarun nan da ke ɓata mana tsakar gida. Tun suna ƙanana suke tare da Nu'man. To, ranar Talata Yakubu mijin Dela ya yi baƙi, ya sa hannu cikin akurkin tattabaru zai kamo 'yan shila biyu a yanka, sai ya jawo baƙar leda cike da ƙwaya. Dukan da ya yi wa yaron har gidanmu muna ji. Zakiru ya ƙi faɗin inda ta fito. Ka ga inda abin ya fito ke nan. Ni dai na san ɗana ba haka yake ba, abokai ne.

Abin da nake roƙonka shi ne ka ɗauke shi zuwa Yamai, ko na wata uku ne, ya bar ganin fuskokin nan. Na gaji. Ba gajiyar da barci ke magani ba ce, don ina kwana in tashi da ita.

Wannan magana daga ni sai kai.

Yayarka,
Rahinatu

Yamai, 2 ga Afrilu

Yaya Rahinatu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, ki yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya yi mini yawa. Lafiyata ƙalau sai rashin hutu. Ga maganin idon Inna kwalba biyu a hannun Ɗan'azumi, da man shafawa na gwiwarki. Ki ce wa Inna ta bar ɓoye mini ciwo, ni ba yaro ba ne yanzu.

Maganar Nu'man ta taɓa ni ƙwarai. Amma Yaya, ina zan sa shi? Ɗaki ɗaya gare ni, mu biyu ne ciki da mai ɗaukar hoton wasanninmu, kuma in muka fita aiki sai mu yi kwana huɗu ba mu dawo ba. In na kawo shi nan na bar shi shi kaɗai, ƙwayar da ya bari a Dakoro zai same ta a bakin ƙofata, har da wadda bai taɓa ji ba. Ki ba ni lokaci zuwa bayan damina, wataƙila in samu wuri mai ɗaki biyu. Kafin nan ki raba shi da ɗan maƙwabtan nan ko ta yaya.

Takardarki kuwa sau huɗu na karanta ta. Wallahi ke ya kamata ki yi aikin nan ba ni ba. Wata biyu ke nan shugabanmu ya ce in rubuta wasa a kan samari da miyagun abokai, na cika kwando da takardu, duk abin da na rubuta wa'azi ne kawai, ni kaina barci yake sa ni.

Af, akurkin tattabarun nan, na tukwane ne irin na dā ko na gwangwani? Na manta yadda yake.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Almu

Dakoro, 25 ga Yuni

Almu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. An yi ruwa sau biyu, mutane sun yi shuka, Inna ta ce idon ya ɗan yi sauƙi. Man gwiwa bai yi komai ba amma na gode.

Ka san ranar Lahadi bayan magariba matan unguwa gidana suke taruwa kallo, tunda ni ke da panon hasken rana da batir, ko an ɗauke wutar kuran, tele tana aiki. Da aka ce sabon wasan nan kai ka rubuta shi, har shimfiɗa na ƙara. Kashi na farko na ga bazawara da ɗanta mai zuwa koleji, na ce bazawara ai ba ni kaɗai ba ce a ƙasar nan. Kashi na biyu na ga ta tashi daga wanki ta dafa bango. Har gwiwata ka kai kasuwa, Almu. Na yi dariya da mutane don kada a gane.

Shekaranjiya aka nuna kashi na uku. Uban Duna, mugun abokin ɗan bazawarar nan a wasanka, ya yi baƙi, ya sa hannu cikin akurkin tukwane zai kamo 'yan shila, ya jawo baƙar leda. Tukwane, yadda ni da wautata na amsa maka ta waya. Dela tana zaune kusa da ni a tabarma ɗaya, kafaɗarta na taɓa tawa. Babu wadda ta dubi tele, babu wadda ta dubi Dela, kowa ta samu abin dubawa a ƙafarta. Da aka gama sunanka ya fito da manyan baƙaƙe. Dela ta naɗe zanenta ta ce mana sai da safe, ta bi ta 'yar ƙofa.

Na ce maka daga ni sai kai. Wane ɓangare na maganar ne ba ka gane ba?

Za ka ce ka canja sunaye. A Yamai wataƙila wannan ya isa. A nan unguwar yaro ɗaya ne mai tattabaru, shi ne kuma mai koyon gyaran moto, kuma ranar da aka doke shi rabin layin nan sun ji, abin da ba su sani ba shi ne dalili. Yanzu ka gaya musu. Jiya da safe yara suka bi Zakiru har garaji suna kiran Duna, Duna.

Akwai kuma wani abu, ban san ko in yi murna da shi ba. Mutane sun koma tausayin Nu'man. Wanda dā ke tsallake gaisuwarsa yanzu yana dafa masa kai yana cewa Allah ya raba shi da mugun aboki. Yau direktan koleji ya tsayar da ni a hanyar kasuwa, ya ce yana bin wasan, ya gane yaron jan sa aka yi, in an koma lakwal bayan hutu, a watan Oktoba, in kawo shi ya maimaita aji. Wata huɗu ina sintiri ofishinsa bai ba ni kujera ba, wasanka na rabin awa ya yi abin da na kasa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Na dawo gida na kasa cin abinci.

Ka gaya mini, yaya za ka yi da Duna a ƙarshe?

Rahinatu

Yamai, 5 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki da Inna, ina murna da jin an samu ruwa. Ni lafiya, sai mura da ta kama ni wajen ɗaukar wasa.

Na karanta faɗanki, na kuma karɓi rabinsa. Ya kamata in tambaye ki, ban tambaya ba don na san za ki hana. Amma ki duba ta nan. Ban ambaci Dakoro ba, ban ambaci sunan kowa ba. Tattabarun ne na kasa bari, don duk wanda na karanta wa wurin nan sai ya yi shiru. Irin wannan ba a zama a ƙirƙira shi.

Ba ki san abin da wasan nan yake yi ba. Iyaye suna bugo waya daga Damagaram, daga Tawa, wata mata ta yi kuka ta ce bayan kashi na uku ta bincike ɗakin ɗanta ta samu abin da ta samu. Shekara tara ina aikin nan, bana ne aka fara gaishe ni da suna a hanya. Ga shi ke kanki kin ce Nu'man zai koma lakwal. Wannan ba abin kunya ba ne.

Game da ɗan Dela, ina jin tausayin uwarsa, ta yi mini kirki lokacin da nake koleji a gidanki. Amma ni ban ƙara masa komai ba. Abin da kika rubuto shi na sa, kuma ke ba ki ƙarya. In yaro ya lalata ɗan maƙwabcinsa, kiran Duna da yara ke yi masa ai kaɗan ne.

Ƙarshen kuwa ga shi, kada ki gaya wa matanki. Jandarma za su zo su kama Duna a gindin akurkinsa, tattabaru su watse sama, ɗan bazawara ya koma aji ya ci jarrabawa. Ranar 10 ga Agusta za mu ɗauki wannan kashin. In akwai wani abu da na fahimta ba daidai ba, ki sanar da ni kafin ranar, bayan nan ba ya gyaruwa.

Almu

Dakoro, 24 ga Yuli

Almu,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. Gero ya kai gwiwa, Inna ta yi zazzaɓi kwana uku na kai ta likita, ta warware. Ka ga na yi kwana goma sha tara da takardarka kafin in amsa. Ba aiki ne ya hana ni ba.

Mai garaji ya sallami Zakiru. Ya ce ba ya da abin da ya kama shi da shi, amma masu kabu-kabu sun ce ba su barin motonsu a hannun Duna. Shekara uku yaron nan yana kwance ƙarƙashin mai da ƙarfe, saura kaɗan a yaye shi. Iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa kallon tattabarunsa. Yanzu ko masallaci ba ya zuwa sai wanda ke can bakin gari.

Jiya da hantsi Dela ta shigo ta 'yar ƙofa, karon farko tun ranar nan. Ta zo da takarda da biro ta sayo da kanta, ta zauna inda mata ke zama in sun zo in rubuta musu. Ta ce wasiƙa take so zuwa Yamai. Ga ta nan yadda ta faɗa, ban gyara komai ba:

"Zuwa ga Almu na Inna. Ni ce Dela, wadda kake shan kununta sa'ad da kake lakwal. Ina gaishe ka da aiki. Ni ban san takarda ba, ban san yadda ake tele ba. Ɗana shina da tattabaru, gaskiya ne. An ishe ƙwaya cikin akurkinshi, gaskiya ne. Ubanshi ya buge shi, gaskiya ne. Tambayata guda: kai kana Yamai, wa ya hwaɗa maka? Kuma wanda ya hwaɗa maka, ya hwaɗa maka duka? Yaro ya bar hita, ya bar cin abinci. In da hali a hidda tattabarun nan daga cikin wasan, a ba Duna kare ko wani abu. Shi ke nan. Allah shi taimake ka."

Da hannuna na rubuta tambayar nan, Almu. Da na zo kan "duka" biro ya tsaya mini. Dela ba fuskata take kallo ba, hannuna take kallo. Na ce tawada ce ta ƙafe, na yarfa biron na ci gaba. Da muka gama ta yi godiya yadda kowa ke yi, har ta ce Allah ya ƙara ilimi.

Ka ce ni ba na ƙarya. To ga abin da ban rubuta maka ba a watan Maris.

Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin Yakubu ya samu ledar nan, ina madafa ina tankaɗe na ga Nu'man ya bi ta 'yar ƙofa da baƙar leda a ƙarƙashin riga. Ya dawo hannu wofi yana kakkaɓe gashin tsuntsu daga hannun rigarsa. Washegari da na ji kukan Zakiru na san ta wane ne, na ƙara ƙarar rediyo. Kuma sau biyun da na ce maka ana kawo mini Nu'man gida, ban gaya maka mai kawo shi ba. Zakiru ne, a kan moton mutane da aka ba shi gyara, ya ɗaure shi a bayansa da rawani don kada ya faɗi. Karo na biyu ya tsaya a zaure ya ce mini, "Gwaggo, ki hana shi zuwa fadar tasha, ni na yi mishi magana ya ƙiya." Zakiru ko shayin wurin bai taɓa sha ba.

Na rubuta maka abokai ne don haka kowace uwa take cewa, kuma ana yarda da ita. Na ɗauka ƙanena kaɗai nake yi wa ƙaryar, a takardar da za ta ƙare a ƙasan akwati. In akwai mugun aboki a tsakanin gidajen nan biyu, a ɗakina yake kwana, ni nake dafa masa tuwo.

Na san abin da zai biyo baya in maganar ta fita. Direkta don ya yarda jan Nu'man aka yi ya ce a kawo shi. Kwana goma sha tara ke nan ina ɗora ɗana a hannu ɗaya, ɗan Dela a ɗaya. Ba ni da ƙarfin tsayawa gaban mutane. Kai ka gyara daga can. Ka canja ƙarshen, kada a kama Duna, a nuna wanda ya sa ledar. Kai ka san yadda ake yi.

Na gaji da rubutu, hannuna ciwo yake.

Rahinatu

Yamai, 29 ga Agusta

Yaya Rahinatu,

Ina gaishe ki. Ina fatan Inna ta ƙara samun ƙarfi. Ni ban san abin da zan ce game da lafiyata ba.

Jiya takardarki ta iso. Motar Ɗan'azumi ta karye a hanya cikin ruwan nan, ta yi wata guda a garaji a Maradi, takardar tana cikin aljihun mota tare da tsummoki. Shi da kansa ya kawo mini yana ba da haƙuri, bai san abin da ya ɗauko ba.

Mun ɗauki kashin ƙarshe ranar 10, yadda na gaya miki. Jandarma sun kama Duna, tattabaru sun tashi, kowa ya ce shi ne wuri mafi kyau a wasan duka. Yau da safe na je wurin shugabanmu na ce ina so a sake. Ya yi dariya ya ce mutane wata uku suna jiran a kama Duna, in na sake shi ni za su kama. Yaron da ya fito a Duna ma ya tafi wani aiki. Abin da na samu kawai shi ne a rubuta a ƙarshe cewa labarin ƙirƙira ne, bai shafi kowa ba. Na san Dela ba ta karatu, na kuma san waɗanda ke karatun ba za su yarda ba.

Yaya, me ya hana ki kira ni? Minti ɗaya ya isa. Ko ki ce mini kawai, Almu dakata. Da na dakata.

Ba ina ɗora miki ba ne. Ke kin rage magana a takarda ɗaya, ni na ɗauke ta ba izini na shiga da ita kowane gida. Na ce kiran Duna kaɗan ne gare shi, wannan layin yana ta dawo mini. Wasiƙar Dela tana aljihuna, na fara amsa sau uku na yage.

Ranar 15 ga Satumba za a nuna ƙarshen. Gara ki ce tele ta lalace.

Almu

Dakoro, 27 ga Satumba

Almu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An fara cin sabon gero, Inna ta ce a gaya maka ta sha fura ta tuna da kai. Gwiwa tana nan.

Ka tambayi abin da ya hana ni kira. Ba Inna ba ce, ba Nu'man ba ne. Na san motar Ɗan'azumi, shekara goma ina ganin ana tura ta. Da na miƙa masa takardar nan cikin damina na san tana iya isa, tana iya ƙin isa, kuma na ji sauƙi a raina. So nake in ce na faɗi gaskiya, gaskiyar kuma ta makara. Haka aka yi.

Ban ce tele ta lalace ba. Mata sun zo, sun fi na kullum yawa, Dela ce kaɗai babu. Da jandarma suka riƙe Duna, wata a bayana ta ce Allah shi ƙara, saura na unguwarmu. Ban san lokacin da na cire wayar batir ba. Na dafa bango na miƙe, na gaya musu abin da na rubuta maka, da ledar, da rawanin, da rediyon. Ba dogon bayani na yi ba. Matan suka yi ta neman takalmansu. Nu'man yana tsaye bakin zaure, ya ji duka. Tun ranar yana shigowa ya ci abinci ya fita, bai ce mini ko sannu ba.

Washegari na je wurin mai garaji na maimaita, na je wurin direkta na maimaita. Mai garaji ya ce ai da ma shi bai yarda ba. Direkta ya cire tabarau ya ce zai yi tunani, yau kwana goma sha ɗaya yana tunanin.

Gidan Dela na bari a ƙarshe, don shi ya fi kusa kuma shi ya fi wuya. Na same ta tana ɓarar wake. Zakiru ya tafi tun ranar Alhamis kafin a nuna ƙarshen, ya hau babbar mota zuwa Agadas, wai akwai wani ɗan'uwan Yakubu mai garaji can. Tattabarun ya sayar wa wani mutumin Birnin Lalle, Yakubu kuma ya farfasa tukwanen. Ni da nake bango ɗaya da su ban sani ba.

Na durƙusa na fara magana, ta ce in bari gwiwata.

"Na sani," in ji ta. "Ranar Litinin ɗin ina ɗaki, na gan shi ta labule."

Na ce to me ya hana ta faɗa, ta bari aka doki ɗanta.

Ta ce, "Zakiru ya rantsar da ni. Ya ce Nu'man maraya ne, in anka sani ba shi da uban da zai tsaya mishi. Ya ce shi shina da uba, duka ne kawai, ya wuce." Ta zuba waken a ƙwarya. "Ke nike jira, Rahinatu. Wata shida. Har takarda na kawo miki."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce 'yar ƙofar nan ba za ta toshe ta ba saboda Inna, kuma kunun Inna na safe zai ci gaba da zuwa. Yana zuwa, amma jikarta ke kawowa.

Shekaranjiya da hantsi na fito shanya na ga tattabaru shida a kan bangon da ke tsakaninmu. Na gane farar nan mai baƙin wuya. Daga Birnin Lalle suka gudo, sun zo babu akurki, babu mai su. Suna nan har yanzu, in rana ta yi zafi su sauka inuwar 'yar ƙofa. Jiya na ga an watsa musu gero ta ɓangarenmu. Ba ni ba ce, Inna kuma ba ta gani. Ban tambaya ba, kuma ban sa rai da komai ba, na gaji da sa rai.

Na san ka, yanzu hannunka yana ƙaiƙayi. Wannan ba na tele ba ne. Ka haɗa takarduna duka ka ba Ɗan'azumi ya dawo mini da su. Maganar ɗaki biyu kuma ka bar ta, ɗana ne, a nan zan ji da shi.

Wasiƙar Dela ce kaɗai za ka riƙe, don taka ce, kuma tana jiran amsa. Ta yi maka tambaya biyu. Ka zauna ka amsa mata su da sunana a ciki, kada ka yage. Ni zan bi ta 'yar ƙofa in karanta mata, kuma wannan karon ba zan tsallake ko kalma ɗaya ba.

Yayarka,
Rahinatu